Masu Ƙirga Ƙwayar Haske da Rabon Nijar a Sana'arsu

A ƙasar Hausa kowace sana'a da sarkinta. Akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Fawa, akwai Sarkin Aski, kuma ran kasuwa a Tabotaki ko Buza ko Madawa kowa ya san inda rumfar kowa take. Sana'ar da zan ba da tarihinta ba ta da sarki a Adar, ba ta da rumfa, amma kayanta sun cika mana gari. Kyamarar da ke bayan salula, da panon da ke kan rufin mai cajin waya, da na'urar da likitocin Yamai ke hango cikin jikin mutum da ita, duk ƴan gida ɗaya ne. An ƙera su ne don su kama haske su mai da shi lantarki. Mafi kaifin gani a cikinsu su ne waɗanda malaman fizik ke ƙerawa domin binciken ƙananan ƙwayoyin da aka gina duniya da su. Na daɗe ina koyar da fizik a lise kafin in dawo gida, kuma abin da na yi imani da shi shi ne, wannan sana'a ta ratsa tarihin Nijar fiye da yadda muke tsammani, sai dai kusan kullum na'urar tana hannun wani, mu kuma mu ne ake aunawa.

Asalin abin daga Jamus ne. A 1887 Heinrich Hertz ya lura cewa tartsatsin lantarki ya fi saurin tsallake tsakanin ƙarafa biyu idan wani irin haske ya faɗa musu. Ya rubuta abin da ya gani, bai san dalilinsa ba. Sai a 1905 Albert Einstein ya kawo bayani: haske ba ya zuwa a dunƙule, ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kuma kowace ƙwaya, wadda daga baya aka sa wa suna foton, tana iya bankaɗo elektaron guda daga jikin ƙarfe. Mutane da yawa na zaton don nazarinsa kan lokaci da sarari aka ba shi kyautar Nobel ta 1921. A'a, wannan bayani na haske ne aka ambata a takardar kyautar.

To, in dai haske ƙwaya ne, ana iya ƙirga shi. Amma da me? Na'urar farko idon ɗan Adam ce. A 1909, a Manchester ta Ingila, Hans Geiger da Ernest Marsden, mataimakan Ernest Rutherford, sukan shiga ɗaki mai duhu su zauna har idanunsu su saba, sannan su leƙa ta madubin ƙara girma suna ƙirga ɗan walƙiyar da ke tashi duk lokacin da wata ƙwaya ta bugi allon da aka shafa wa sinadari. Ido kan gaji nan da nan, sai ɗaya ya karɓi ɗaya. Da irin wannan ƙirga aka gano cewa kusan duk nauyin ƙwayar zarra yana tattare ne a ɗan ƙaramin tsakiyarta. A 1934, a Tarayyar Sobiyet, wani ɗalibi mai suna Pavel Cherenkov, wanda ke aiki ƙarƙashin Sergei Vavilov, shi ma zaman duhun ya yi ta yi kafin ya tabbatar da wani shuɗin haske mai rauni da ke fitowa daga ruwa idan ƙwaya mai caji ta ratsa shi da gudun da ya wuce gudun haske a cikin ruwan. Ku riƙe sunansa, domin wannan shuɗin haske shi ne abincin rabin manyan na'urorin da za su biyo baya. Ya sami Nobel a 1958 tare da Ilya Frank da Igor Tamm, waɗanda suka yi lissafin abin.

A cikin shekarun 1930 aka huta da wahalar ido. Leonid Kubetsky a Sobiyet, da injiniyoyin kamfanin RCA a Amurka, suka ƙera kwalbar ninka haske. Yadda take aiki abin sha'awa ne, kuma ba shi da wuyar fahimta. Kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta sarai. A cikin fuskarta an shafa ƙarfe siriri ƙwarai, wanda ido da ƙyar yake ganinsa. Idan foton ya faɗa wa shafin, sai elektaron guda ya fita. Ƙarfin lantarki ya ja shi ya buga shi da wani faranti, ya fito da uku ko huɗu ko biyar. Waɗannan su bugi faranti na gaba, kowanne ya fito da nasa. Kafin a ƙare farantai goma ko sha biyu, elektaron guda ya zama miliyan ko fiye, abin da waya za ta iya ɗauka a gani a allo. Kwalbar na buƙatar bolt 1,000 zuwa 2,000. Kuma ba ta kama kowane foton. A cikin huɗu, kusan ɗaya take kamawa. Wani lokaci kuma takan yi kuka alhali ba ta ga komai ba, saboda zafi kaɗai na iya fitar da elektaron. Har maganaɗisun duniya yana karkatar da elektaron a cikinta. Sanin waɗannan halaye, da auna su kwalba bayan kwalba a cikin baƙin akwati, da rarrabe kukan gaskiya da na ƙarya, shi ne ainihin aikin mai wannan sana'a. Yawancin ranakunsa ba a gaban allon lissafi suke ƙarewa ba, a gaban ƙarfen lika waya da akwatin gwaji suke ƙarewa.

A 1948 Robert Hofstadter ya nuna cewa wani gishiri mai haske kamar gilashi, na sodiyom da aidin, yakan yi walƙiya idan hasken gama ya shige shi, wato hasken nan marar ganuwa da ke fitowa daga duwatsu masu yuraniyom. Aka manna gishirin a bakin kwalbar ninka haske, aka sami na'urar da mutum zai rataya a kafaɗa, ko a ɗora a jirgin sama, ta riƙa faɗin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ta nan sana'ar ta shigo ƙasarmu.

A 1957 Faransawa masu neman tagulla suka ci karo da yuraniyom a Azelik, yamma da Agadas. Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa ta baza masu bincike a gefen duwatsun Ayar, a ƙasa da kuma ta sama, da irin waɗannan na'urori. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, ya soma fitar da yuraniyom daga Arlit a 1971. COMINAK ta biyo baya a Akuta, aka kafa ta a 1974, ta soma aiki a 1978, ta rufe a watan Maris na 2021. Da arzikin wannan dutse aka shimfiɗa kwaltar da ta tashi daga Tawa ta bi Abalak da Agadas har Arlit, kuma Adarawa, waɗanda dama mutanen tafiya cin rani ne, da yawa sun bi ta neman aiki. A ramin haƙa ma na'urar ce alƙali. Ita ke faɗin kamiyon da ya ɗauko dutse mai daraja, a kai shi masana'anta, da wanda ya ɗauko na zubarwa. Ɗan Nijar ne ke tuƙa kamiyon, amma na'urar da ke yanke hukunci daga waje aka kawo ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru daga baya. Da mutanen Arlit suka fara damuwa da ruwan shansu, da tarkacen ƙarfen masana'anta da ake sayarwa a kasuwa ana ƙera kayan gida da shi, Almustapha Alhacen da ƙungiyarsa Aghir in'Man sai da suka gayyato baƙi masu na'ura: ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa a 2003, da Greenpeace a 2009. Awon da aka yi a titunan Akokan, garin da ke daf da Arlit, shi ya ba maganarsu nauyi a duniya. Kafin awon, ƙorafi ne kawai na talakawa, wanda kowa ke iya musantawa. Gari guda da ke zaune a kan yuraniyom ya jira mutum ya taso daga Turai kafin ya san abin da ƴaƴansa ke takawa. Wannan ya isa ya nuna cewa sana'ar auna haske ba shagalin masu kuɗi ba ce.

Sau ɗaya a tarihinmu aka sami wanda ya ce mu ma za mu ƙera, shi ne Farfesa Abdu Mumuni Dioffo. An haife shi a Tasawa a 1929. Ya yi karatu a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty a Senegal, sannan Faris. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyon a fannin fizik, jarrabawar da Faransawa kansu ke tsoro, kuma shi ne na farko da ya ci ta a wannan fanni daga ƙasashen baƙar fata da Faransa ke mulka. Ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai. A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ya zurfafa a binciken hasken rana, musamman yadda madubi mai lanƙwasa ke tattara haske wuri guda da yadda zafin ke rarrabuwa a wurin. A 1964 ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya kare koyarwa da harsunan gida, kuma a shekarar ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako. Ya sami babban digirin dakta a Faransa a 1967. A 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, ya riƙe shi har 1985. A tsakanin nan ya shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979. Ya rasu a watan Afrilu na 1991, Allah ya jiƙansa, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Kada a ce na haɗa abin da bai haɗu ba. Abdu Mumuni bai ƙera na'urar binciken ƙananan ƙwayoyi ba. Shi da tiya yake auna haske, su kuwa mutanen kwalba ƙwaya-ƙwaya suke ƙirgawa. Da tsakar rana a wurinmu, kowane murabba'in mita na samun kusan wat 1,000, kuma yawan foton da ke sauka a kansa cikin daƙiƙa guda sai an rubuta lamba da sifili 21 a bayanta. Mai irin wannan arziki ba ya buƙatar kwalbar da ke jiran ƙwaya guda. Amma tarbiyyar aikin ɗaya ce: ka san halin madubi da gilashi da ƙarfe, ka ƙera abin awonka, ka gwada shi, ka san iyakar kuskurensa. A ONERSOL an ƙera tukwanen dumama ruwa, da na'urar tace ruwa, da murhun rana, da na busar da kayan gona, har da injin da zafin rana ke juyawa. Ƴan Nijar ne suka yanka ƙarfen, suka lika, suka auna. Wanda ya ga yadda albasar Galmi da ta kwarin Majiya ke ruɓewa a shekarar da kasuwa ta faɗi ba sai an gaya masa amfanin na'urar busarwa ba.

A wancan zamani kuma Nijar ta shiga sahun farko a duniya wajen amfani da pano a karkara. Panon silikon na farko mai amfani a 1954 aka ƙera shi a ɗakin binciken Bell a Amurka, yana mai da kashi 6 cikin 100 na hasken ya zama lantarki. Shekara 14 kacal bayan haka, a 1968, an soma kunna talabijin ɗin lakwal da pano a Nijar. Mu da muka girma a lokacin Shugaba Kunce mun san talabijin ɗin jama'a da ake kunnawa da batirin da rana ta cika, gari ya taru a gabanta bayan isha'i. Sai farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aljihun gwamnati ya bushe, tsarin tsuke bakin aljihu ya shigo, bincike ya zama abin da ake fara yanke wa kuɗi. Ofishin ONERSOL ya sauya suna a 1998, ya sake sauyawa daga baya, amma ƙarfin ƙira na wancan lokaci bai dawo ba. A ganina wannan yana cikin manyan asarar da ƙasar nan ta yi, kuma ba a cika lissafa shi ba.

A daidai shekarun da namu ke ja da baya, a Japan ana wani abu da ya cancanci a ba da labarinsa. Masatoshi Koshiba na Jami'ar Tokyo yana son ya gina tankin ruwa tan 3,000 a cikin ramin haƙar ma'adini a Kamioka, mita 1,000 ƙarƙashin dutse, ya jera kwalabe a bangonsa su jira shuɗin hasken Cherenkov. Amurkawa na gina irinsa da kuɗin da ya fi nasa. Maimakon ya yi gasar yawa, sai ya je wurin kamfanin Hamamatsu ya matsa musu su ƙera masa kwalbar da ba a taɓa yin mai girmanta ba. Suka ƙera mai faɗin santimita 50, kuma masu hura gilashi ne suka hura ta da hannu. Aka jera kusan 1,000, aikin ya soma a 1983. Abin da suka fita nema, wato rushewar ƙwayar furoton da ke tsakiyar zarra, ba su gan shi ba. Amma ran 23 ga Fabrairu 1987, wasu ƙwayoyi da ake kira nutirino daga wani tauraro da ya fashe a nisan tafiyar haske ta shekara kusan 168,000 suka ratsa duniya, tankin Kamioka ya kama 11 cikin daƙiƙa 13. Koshiba ya sami Nobel a 2002. Ba yawan kuɗi ya ba shi nasara ba, malami ne ya zauna da maƙeri suka yi abin da babu shi a kasuwa.

Magajin tankin, Super-Kamiokande, ya soma aiki a 1996 da ruwa tan 50,000 da manyan kwalabe sama da 11,000. Ran 12 ga Nuwamba 2001, ana cikin sake cika shi da ruwa bayan gyara, kwalba guda a ƙasa ta fashe. Girgizar ta bi ruwa ta fasa ta kusa da ita, ita ma ta fasa ta gaba, cikin ƙiftawar ido fiye da rabinsu suka tafi. Shugaban aikin, Yoji Totsuka, bai ɓata lokaci ba ya sanar cewa za su sake ginawa. Suka rarraba waɗanda suka tsira, suka yi wa kowace murfin kariya, suka koma aiki a ƙarshen 2002, suka cike gurbin sauran a 2006. Da awon wannan tanki aka nuna cewa nutirino na da nauyi, abin da ya kawo wa Takaaki Kajita Nobel a 2015.

Daga nan abin ya yaɗu. A ƙanƙarar ƙuryar kudancin duniya, masu gina na'urar IceCube sun binne kwalabe 5,160, aka gama a 2010. A cibiyar CERN kusa da Janeba, ɗaya daga hanyoyin da aka gane ƙwayar Higgs a 2012 ita ce rabewarta zuwa foton biyu, kuma na'urar CMS ta auna su da sandunan kiristal sama da 75,000, kowanne da idonsa a manne. A Afirka ma akwai. A tsaunukan Khomas na Namibiya, na'urorin H.E.S.S. sun soma aiki a 2002: manyan madubai masu lanƙwasa, faɗin mita 12, suna tattara shuɗin walƙiyar da hasken gama na sararin samaniya ke haddasawa a iska, su zuba shi a kyamara mai kwalabe 960. Madubi mai tattara haske wuri guda, abin da ɗan Tasawa ya ƙware a kai ke nan.

Mu fa? A Jami'ar Abdu Mumuni akwai cibiyar IRI, inda ake binciken cuta da kyamarar gama, wadda Hal Anger ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1950, kuma cikinta gishirin Hofstadter ne da jerin kwalaben ninka haske. A Zariya, cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, ana auna abin da ke cikin ƙasa da dutse da abinci ta hanyar hasken gama. A nan jiharmu ta Tawa, tashar lantarkin rana ta Malbaza mai megawat 7 ta soma aiki a 2018, ta Goru Banda kusa da Yamai kuwa, mai megawat 30, a 2023. Akwai masu ilimi, akwai masu aiki da na'ura. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai buɗe cikinta ya gyara, da mai haɗa tasa. Ni kaina da alli kaɗai na koyar da darasin Einstein na haske, shekara bayan shekara, yara suna haddacewa suna cin bakaloriya, ba wanda ya taɓa ganin allurar awo ta motsa don an haska fitila a kan ƙarfe. Har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙofar ta fi buɗewa yanzu fiye da zamanin Abdu Mumuni. A shekarun 1990 masu bincike a Rasha, cikinsu Golovin da Sadygov, suka samar da wani ɗan guntun silikon mai faɗin milimita kaɗan, mai ɗauke da dubban ƙananan idanu, kowane ido na iya jin foton guda. Ba ya fashewa, maganaɗisu ba ya damunsa, bolt 30 zuwa 60 ya ishe shi. Yau shi ake sawa a sababbin na'urorin hoton cutar kansa a asibiti da manyan gwaje-gwajen fizik. Ɗalibai a jami'ar MIT ta Amurka sun haɗa shi da ɗan guntun roba mai walƙiya da ƙaramin allon lantarki, suka yi na'urar da suka kira CosmicWatch, kuɗin kayanta a lokacin kusan dala 100, kuma sun saki zanenta kyauta a intanet. Tana ƙirga ƙwayoyin miyuwon da ke sauko mana daga sama dare da rana, kusan guda a kowane murabba'in santimita cikin minti ɗaya. Batirin da pano ya cika ya isa ya kunna ta. Samarin da ke gyaran salula a tashar Madawa suna lika abubuwan da suka fi waɗannan ƙanƙanta kullum. Abin da ba su samu ba shi ne malamin da zai gaya musu abin da lambobin ke nufi. Akwai kuma makarantar fizik ta Afirka da Ketevi Assamagan, ɗan Togo, da abokansa suka soma a Afirka ta Kudu a 2010, ta zo Kumasi a 2012, ta zo Dakar a 2014, kuma koyon na'urorin kama ƙwayoyi na cikin abin da ake yi a can.

A 2025 gwamnati ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa. Wanda ya karɓi rami ya karɓi nauyin auna dutsen, da ruwan rijiyoyin Arlit, da jikin ma'aikata, kuma wannan nauyi ba ya ɗaukuwa da na'urar da in ta lalace sai an jira jirgi. Ina roƙon hukumomin ilimi da jami'o'inmu na Yamai da Tawa da Maraɗi da Agadas su buɗe ɗakin haɗa na'urorin awo ko da guda ɗaya ne, su ɗauki malaman fizik da masu gyaran lantarki su zaunar da su a teburi ɗaya, sannan na'urar farko da za ta fito daga ɗakin a aika da ita lise na karkara, a fara da Buza da Keita da Madawa.